Ambato da Haɗin Gwiwa a Matsayin Ma'aunin Tasirin Mai Binciken Likitanci

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ake amfani da yawan ambato wajen auna tasirin mai binciken likitanci. Matsayinta shi ne, ambato yana nuna yadda takarda ta yaɗu ne a tsakanin masu rubutu, kuma a fagen da kusan kowane aiki na taron mutane ne, ba a iya jingina adadin ga mutum ɗaya sai an san rawar da ya taka a cikin taron.

Gabatarwa

A 1955 Eugene Garfield ya kawo shawara a mujallar Science cewa a kafa kundin da zai nuna wace takarda ce ta kafa hujja da wace. Manufarsa ta farko ita ce sauƙaƙa wa mai bincike bin sawun ilimi, kuma kundin Science Citation Index ya fito a 1964. A 2005 Jorge Hirsch, masanin kimiyyar fiziks a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, ya gabatar da ma'aunin h: wanda ma'auninsa ya kai 30 yana da takardu 30 da aka ambaci kowaccensu aƙalla sau 30. Sauƙin lissafin ya sa kwamitocin ƙarin girma da masu ba da kuɗin bincike suka rungume shi, har kayan neman bayani ya rikiɗe ya zama sikelin auna mutane.

Abin da ambato yake aunawa

Jerin takardu 100 mafiya samun ambato da mujallar Nature ta fitar a 2014 ya isa hujja. Takardar Oliver Lowry ta 1951 a kan hanyar auna furotin ce ta zo ta ɗaya, da ambato sama da 300,000, alhali takardar Watson da Crick ta 1953 a kan surar DNA ba ta ma shiga jerin ba. Hanyar aiki takan tara ambato domin duk wanda ya yi amfani da ita dole ya faɗa. Binciken da ya zama sanin kowa kuwa sai a daina ambatonsa. Lissafin kuma ba ya bambanta yabo da suka: takardar Andrew Wakefield ta 1998 a mujallar Lancet, wadda ta danganta rigakafin MMR da galahanga, an janye ta a 2010 amma ba a daina ambatonta ba. Mafi muhimmanci ga likitanci, masu cin moriyar binciken asibiti yawancinsu ba marubuta ba ne. A 1971 Dilip Mahalanabis ya yi amfani da ruwan gishiri da sukari a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, mace-macen kwalara suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. Ma'aikaciyar jinyar da ke haɗa wannan ruwa a yau ba ta ƙara masa ko ambato ɗaya. Nazarin van Eck da abokan aikinsa na 2013 ya nuna cewa ƙirgar ambato tana iya rage darajar binciken asibiti ƙwarai idan aka kwatanta shi da na ɗakin gwaji.

Matsalar taron marubuta

A nan ne ma'aunin ya fi karkacewa. Takardun Global Burden of Disease, waɗanda cibiyar IHME ta Seattle ke jagoranta, sukan ɗauki sunayen ɗaruruwan marubuta, sukan kuma samu dubban ambato. Kundayen ƙirgar ambato irin su Scopus da Google Scholar suna ba kowane suna adadin gaba ɗaya, wato wanda ya duba alƙaluman ƙasarsa kawai ya tashi da rabo daidai da wanda ya tsara aikin. A ɗaya ɓangaren, nazarin Hedt-Gauthier da abokan aikinta na 2019 a mujallar BMJ Global Health ya gano cewa a binciken lafiya da aka yi a Afirka, marubutan ƙasar da aka yi aikin sukan maƙale a tsakiyar jerin sunaye, musamman idan abokan aikin daga manyan jami'o'in Amurka suke. Tunda a al'adar likitanci sunan farko da na ƙarshe ne ke nuna jagoranci, wanda ya tattara marasa lafiya ya bi su shekara da shekaru yana iya zama ba a ganinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Za a iya cewa idan aka ajiye alƙaluma, sanayya da son rai za su cika gurbin. Wannan gaskiya ne, shi ya sa Sanarwar San Francisco ta 2012 da Ƙa'idojin Leiden na 2015 ba su ce a watsar da ƙirga ba. Sun nemi ta zama mai taimaka wa hukuncin masana. Wasu kuma sun ce a raba ambato bisa yawan marubuta. Wannan zai hukunta manyan gwaje-gwajen magani da ake yi a asibitoci da dama, waɗanda su ne hujja mafi ƙarfi a likitanci. Ma'aunin da John Ioannidis da abokan aikinsa suka fitar a 2019 ya fi kyau, domin yana ware ambaton kai, yana kuma ba sunan farko da na ƙarshe nauyi, sai dai ya gaji duk rashin adalcin da aka yi tun wajen jera sunayen.

Abin da ya rage shi ne a ɗaura ambato da rawar da aka bayyana. Tsarin CRediT ya kasa gudummawa gida 14, daga ƙirƙiro tambayar bincike da tattara bayanai zuwa nazarinsu da rubutu, kuma mujallu da dama sun riga sun tilasta shi. Marubuta ne ke cike shi da kansu, don haka ana iya yin ƙarya a ciki, amma ƙarya ce a rubuce wadda abokin aiki zai iya ƙalubalanta. Kwamitin ƙarin girma zai iya neman ɗan takara ya zaɓi takardunsa biyar, ya nuna abin da ya yi a kowacce, da kuma ko sakamakon ya shiga ƙa'idojin jinya na ƙasa ko na Hukumar Lafiya ta Duniya. Hakan zai kuma buɗe ƙofa ga ayyukan da suka fito a mujallun African Journals Online, waɗanda da yawansu Scopus ba ya ƙirgawa.