Babban Gwani da Masallacin Zariya: Haƙƙin Ginin Ƙasa a Kanmu

Ranar Juma'a, 11 ga Agustan 2023, ana cikin sallar La'asar, wani ɓangare na babban masallacin Juma'a na birnin Zariya ya rufta kan masallata. Aƙalla mutum 7 suka rasu, wasu da dama suka ji rauni. Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli, ya shaida wa manema labarai cewa an ga tsagewa a bango kwana guda kafin nan, ana shirin kawo injiniyoyi sai abin ya auku. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya sa sun huta. Mu da ke nan Ingila mun yi jaje, mun tara gudunmawa. Sai dai a duk hirarrakin da muka yi a lokacin, da wuya ka ji an ambaci sunan mutumin da ya gina masallacin. Shi nake so mu tuna a wannan fitowa.

Bayan jihadi, sarautar Zazzau ta koma hannun Malam Musa, wanda ya yi mulki har 1821. Yamusa ya gaje shi, sannan Abdulkarim, sarki na farko daga gidan Katsinawa, ya hau a 1834 ya yi mulki har 1846. A zamaninsa aka gina masallacin. Sabbin masu mulki sun zo ne da da'awar gyaran addini, don haka dole birninsu ya samu masallacin da ya dace da wannan da'awa. Wanda aka damƙa wa aikin shi ne Muhammadu Durugu, wanda wasu ke kira Malam Mika'ilu, amma duniya ta fi saninsa da laƙabin Babban Gwani. 

Kafin mutum ya gane girman aikinsa, sai ya san da me ya yi shi. Tubali ne na ƙasa, wanda ake murzawa da hannu a shanya a rana, sai ƙasar gini da aka kwaɓa da ciyawa, sai azara daga itacen giginya. Azara na da kyau biyu: tana da ƙarfi, gara kuma ba ta cinta da sauƙi. Aibinta shi ne idan aka ɗora mata nauyin rufin ƙasa, ba ta jure tazarar da ta wuce kimanin mita biyu. To yaya za a rufe ɗakin da zai ɗauki jam'in Juma'a? Maginan Hausa sun warware wannan da bakan gizo. Ana dasa azara a cikin ginshiƙi ko bango, kowane jeri ya ɗan zarce na ƙasansa, ana ɗaurewa ana lulluɓewa da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Idan bakan gizo da yawa suka sarƙe, sai a samu ɗaurin guga, a kansa kuma a ɗora tulluwa. A waje ana shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, rufi kuma a yi masa laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Indararo ya fitar da ruwan sama nesa da bango, zanko ya tsaya a kusurwa.

Ba Babban Gwani ya ƙirƙiro waɗannan dabaru ba, ya same su ne a hannun magabata. Abin da ya yi shi ne ya kai su inda ba a taɓa kai su ba. Kamar yadda ya gina shi, ɗakin sallar yana da tulluwa shida a kan manyan ginshiƙai, bakan gizo na tashi daga ginshiƙan kamar rassan itace, jikinsu kuma an yi masa zane mai zurfi tun ƙasar na ɗanye. Nan ne ma'anar karin maganar nan ta “tun ran gini ran zane” take fitowa fili. A wancan lokaci akwai ɗakin shari'a da zaurukan shiga a harabar. Ana kuma danganta masa wasu gine-gine a wajen Zazzau, ciki har da Gidan Madaki na Kafin Madaki a ƙasar Bauchi, wanda aka sa cikin jerin gine-ginen tarihi na ƙasa a 1956. Mutanen can har yau Babban Gwani suke kiran ginin. Akwai kuma labarin da muka taso muna ji, wai wani sarki ya sa aka kashe shi bayan ya gama masa masallaci, don kada ya gina wa wani wanda ya fi shi. Irin wannan labari ana ba da shi a kan manyan magina a ƙasashe da dama. Abin da yake nuna mana shi ne matsayin da jama'a suka ɗora mutumin a kai.

A ƙarni na 20 baƙi ne suka fi ɗawainiyar auna ginin da rubuta shi. Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Poland, ya zagaya Nijeriya da ɗalibansa suna aunawa, suna zanawa, suna ɗaukar hoto. Ya rasu a 1982, aka buga aikinsa cikin juzu'i uku a 1990, na farko a kan Arewa. Shi ne kuma ya jagoranci kafa gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos, kusa da gidan tarihin da Bernard Fagg ya buɗe a 1952. A can aka gina kwafin masallacin Zariya da ƙasa, tare da kwafin ganuwar Kano. J. C. Moughtin ma ya yi nazarin masallacin, ya kuma fitar da littafi a kan gine-ginen Hausa a 1985. A Zariya kuwa, a shekarun 1970 aka gina sabon masallaci na siminti da ya lulluɓe tsohon ɗakin sallar, aka rasa wasu sassan harabar. Niyya ce mai kyau: jama'a ta ƙaru, ana kuma son kare tsohon ginin daga ruwa. Amma daga ranar, mai wucewa ya daina ganin aikin Babban Gwani daga waje, abin da ido ya daina gani kuwa, zuciya kan manta da shi.

A matsayina na likita, ginin ƙasa yana tuna mini da mai hawan jini. Irin wannan majinyaci zai iya shekara arba'in lafiya lau muddin yana shan magani yana zuwa awo. Ranar da ya ce ya warke, ranar ya fara shiga haɗari. Haka ginin ƙasa yake: kowace shekara kafin damina sai an duba rufi, an share indararo, an toshe tsagewa, an sake yaɓe. Siminti a jikin bangon ƙasa ba ya maye gurbin wannan. Ba ya kama ƙasar sosai, idan ruwa ya shiga bayansa kuma ba ya barinsa ya fita, sai bango ya riƙa ruɓewa a ciki alhali waje sumul. Mun saba ganin irin wannan a asibiti, mutum ya shigo da ƙafarsa, fuska ba alamar ciwo, awo ya nuna ƙoda ta daɗe da lalacewa. Rigakafi ya fi magani, a jiki da a gini.

Maƙwabtanmu sun nuna abin mai yiwuwa ne. A Djenne ta ƙasar Mali, masallacin da aka sake ginawa a 1907 yana nan tsaye saboda duk shekara gari kan fito a yi masa yaɓe, maza na hawa, mata na ɗebo ruwa, yara na kai ƙasa. A Agadas ta Jamhuriyar Nijar, hasumiyar ƙasa mai tsawon mita 27 tana tsaye, tsohon birnin kuma ya shiga jerin UNESCO a 2013. A ƙauyen Yama na jihar Tawa, wani magini mai suna Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, aikin ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Ke nan sana'ar ba ta mutu da ƙarni na 19 ba. Inda ta rayu, ta rayu ne saboda ana ba magina aiki, yara kuma na koyo.

A nan arewacin Ingila, a gefen kogin Tyne, akwai wani ɗan gidan gona da ake kira Cherryburn. Nan aka haifi Thomas Bewick a 1753, mai sassaƙa hoto a katako, wanda littafinsa na tsuntsayen Birtaniya ya fito cikin juzu'i biyu a 1797 da 1804. Na kai 'ya'yana can. Gidan bai kai zauren wasu attajiranmu girma ba, amma an adana shi, ana nuna wa yaran makaranta yadda ake buga hoton tsuntsu daga guntun katako. Mutumin ɗan manomi ne, ba sarki ba, ba janar ba. Sana'ar hannunsa kawai ta sa aka riƙe gidansu. A Kano ma an mayar da Gidan Makama gidan tarihi, haka Gidan Ɗan Hausa inda Hanns Vischer ya zauna. Sai dai na farko gidan sarauta ne, na biyu gidan Bature. Maginan da suka ɗora tubalin fa? Zuriyar Babban Gwani tana nan a birnin Zariya, sarautar magina ta daɗe a gidansu. Ilimin da ke kansu ba a littafi yake ba, a hannu yake, kuma duk dattijon da ya rasu da nasa kason yake tafiya.

Na san abin da wasu 'yan uwa za su ce: asibitocinmu ba magani, unguwanni ba ruwa, ina mu ina tsohon bango? Ni ma da za a ce in zaɓi ɗaya, magani zan zaɓa. Amma abin da nake roƙo bai kai kuɗin rijiyar burtsatse guda ba. Na farko, mu ware wani ɗan kaso daga gudunmawar shekara a naɗi hira da dattawan magina, da murya da hoto, su faɗi sunan kowane kaya da yadda ake haɗa shi. Na biyu, mu ɗauki nauyin samari biyu ko uku su zauna a hannunsu su koya, mu nemi sashen nazarin gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello ya sa ido a kan aikin. Na uku, duk mai tsohon hoton masallacin, ko na soron gidansu kafin a sa kwano, ya ɗauka da waya ya aiko wa sakatare, mu haɗa su mu baje a taronmu na shekara.

Wanda kuma zai je gida hutu da iyali, ya ware wuni guda ya shiga birni da yaran, ya nemi wani tsohon zaure, ya ce su ɗaga kai su dubi rufin. Ya gaya musu wannan shi ake kira ɗaurin guga, kuma mutanensu ne suka yi shi da ƙasa da giginya. Allah ya ƙara wa Zazzau albarka, ya maishe mu gida lafiya.