Yadda tsohon sojan Amurka ke fara samun kulawar lafiya da sauran haƙƙoƙinsa

Ranar da soja ya tuɓe kaki a Amurka, sunansa ba ya shiga rajistar asibitocin tsofaffin sojoji kai tsaye. Lokacin da yake bakin aiki, ma'aikatar tsaro ce ke kula da lafiyarsa. Da zarar an sallame shi, sai lamarin ya koma hannun Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji, wadda aka fi sani da VA, ita kuma sai mutum ya nema da kansa kafin ta buɗe masa fayil.

An kafa hukumar a 1930, aka ɗaga ta zuwa cikakkiyar ma'aikata a 1989. A yau tana da manyan asibitoci kusan 170 da ƙananan cibiyoyin lafiya fiye da 1,000, kuma sama da mutum miliyan 9 ne ke cikin rajistarta. Daga cikinsu akwai baƙi 'yan asalin Afirka, har da Najeriya da Ghana, da suka shiga rundunar da katin zama na dindindin. Aikin sojan da mutum ya yi ne ke ba shi waɗannan haƙƙoƙi, ko da bai zama ɗan ƙasa ba.

Wa ya cancanta?

Sharaɗi na farko shi ne mutum ya yi aikin soja na cikakken lokaci, kuma ba korarsa kotun soja ta yi bisa babban laifi ba. Wanda ya shiga aiki bayan 7 ga Satumban 1980 sai ya cika wata 24 a jere, ko kuma dukan wa'adin da aka kira shi ya yi, amma ana ɗauke wannan sharaɗi ga wanda aka sallama saboda rauni ko ciwon da aikin ya jawo masa.

Takardar sallama mai suna DD214 ce ginshiƙin komai, domin a cikinta ne ake ganin ranar shiga da ranar fita da irin sallamar da aka yi wa mutum. Wanda tasa ta ɓata zai iya neman kwafi daga cibiyar adana bayanan ma'aikata ta ƙasa da ke birnin St. Louis, inda gobarar 1973 ta cinye fayiloli tsakanin miliyan 16 zuwa 18, abin da har yanzu yake wahalar da iyalan sojojin da suka yi aiki kafin lokacin.

Ƙofofi biyu ne daban

Rajistar asibiti daban, neman diyyar naƙasa daban, kuma a nan ne sababbin shiga suka fi ruɗewa. Sashe biyu ne na ma'aikatar ke kula da su, kowanne da fom ɗinsa.

Ana rajistar asibiti da fom mai lamba 10-10EZ, ta intanet ko waya ko gidan waya, ko kuma mutum ya je asibitin VA mafi kusa. Bayan an karɓa, sai a sanya shi a ɗaya daga cikin rukunai takwas. Rukuni na ɗaya ya ƙunshi waɗanda naƙasarsu ta dalilin aiki ta kai kashi 50 cikin 100 ko fiye, kuma ba sa biyan ko sisi. Na bakwai da na takwas sun danganta ne da yawan kuɗin shiga, kuma masu cikinsu kan biya wani ɗan kaso na kuɗin magani da ganin likita. Duk rukunin da mutum yake, jinyar ciwon da aka tabbatar aikin soja ne ya haddasa shi kyauta ce.

Diyyar naƙasa kuwa kuɗi ne da ake biya duk wata, ba a cire musu haraji, ana nemansu da fom 21-526EZ. Yawanci akan tura mai nema gwajin likita, sannan a auna naƙasar daga sifili zuwa kashi 100, goma-goma. Lissafin ba tarawa kawai ba ne: wanda aka ba kashi 50 saboda ciwon baya da kashi 30 saboda guiwa ba zai samu 80 ba. Ana ɗaukar kashi 30 ɗin ne daga rabin lafiyar da ya rage, wato 15, jimilla 65, sannan a mayar da ita 70.

Muhimmancin kwanan wata

Kwanan watan da aka shigar da buƙata kuɗi ne. Wanda ya nemi diyya cikin shekara guda da barin aiki, ana iya biyansa tun daga washegarin sallamarsa. Wanda ya wuce shekarar kuwa, lissafinsa zai fara ne daga ranar da ya nema, watannin baya sun tafi ke nan. Soja na iya shigar da buƙatar tun saura kwana 180 zuwa 90 ya bar aiki. Idan takardun asibiti ba su kammala ba, akwai gajeren fom na bayyana niyya, mai lamba 21-0966, wanda ke riƙe wa mutum kwanan watan har tsawon shekara guda.

Akwai wata dama da ke saurin kuɓucewa: gyaran haƙori kyauta sau ɗaya, wanda dole a nema cikin kwana 180 da sallama.

Dokar PACT

A ranar 10 ga Agustan 2022 Shugaba Joe Biden ya sanya hannu kan dokar PACT, wadda ta shafi sojojin da suka shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara a sansanonin Iraƙi da Afghanistan, da waɗanda gubar kashe itatuwa ta Agent Orange ta shafa a yaƙin Vietnam. A da, sai tsohon soja ya kawo hujjar cewa hayaƙin ne ya jawo masa cutar, abu mai wuyar tabbatarwa. Yanzu dokar ta lissafa cututtuka fiye da 20, ciki har da asma da wasu nau'o'in kansa, waɗanda ake ɗauka aikin ne sanadinsu muddin mutum ya yi aiki a wuraren da lokutan da aka ambata. Wanda aka taɓa hana wa diyya kan ɗaya daga cikinsu zai iya sake nema.

Neman taimako da ɗaukaka ƙara

Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su American Legion da VFW da DAV suna da wakilai da ma'aikatar ta amince da su, suna taimakawa wajen cika fom kyauta. Doka ta hana karɓar kuɗi kan shigar da buƙata ta farko, saboda haka duk kamfanin da ya nemi a yi masa alkawarin wani kaso na diyyar abin taka-tsantsan ne. Idan hukunci bai gamsar ba, akwai hanya uku: kawo sabuwar hujja, ko neman babban jami'i ya sake dubawa, ko kai ƙara gaban hukumar ɗaukaka ƙara. Biyun ƙarshe wa'adinsu shekara guda ne daga ranar hukuncin.

Mai fama da tunanin kashe kansa ba ya buƙatar rajista kafin a saurare shi: lambar ita ce 988, sannan a danna 1.

Ga wanda ya koma gida

Diyyar wata-wata tana bin mai ita ko da ya koma Kano ko Kumasi da zama. Asibiti ne ba ya bin sa, domin in ban da wata cibiya a Manila, babban birnin Philippines, ma'aikatar ba ta da wurin jinya a wata ƙasar waje. Abin da ke akwai shi ne shirin jinya a ƙasashen waje, wanda ke biyan kuɗin maganin cututtukan da aka riga aka tabbatar suna da alaƙa da aikin soja kaɗai. Ya fi sauƙi a kammala gwaje-gwaje, a karɓi hukuncin naƙasa, a yi rajistar shirin tun kafin a bar Amurka.