Tsakanin Harsashi da Bututu: Tarihin Zubin Dalma da Suturarta

Kalmar harsashi ba Bahaushiya ba ce tun asali. Daga Larabci ta zo, daga rasas, watau dalma, kamar yadda bindiga da albarushi su ma daga can muka aro su. Ashe ke nan sunan da kansa ya riƙe mana tarihi, gama shekaru ɗaruruwa harsashi dalma ce zalla, wadda maharbi ke narkarwa ya zuba a mazubi da hannunsa. Ga nauyi, ga araha, ga shi kuwa tana narkewa a digiri 327 kacal, zafin da garwashin murhu ke iya kaiwa.

Amma dalma tana da aibu guda. Idan harsashi bai cika bututun bindiga ba, zazzafar iskar albarushi takan kurɗa ta gefensa, ta zaizaye shi, ta manna dalmar a jikin bututu, har saiti ya lalace. Idan kuwa ya yi kauri ainun, ba ya ɗuruwa. Abin da wannan maƙala za ta nuna shi ne, tarihin harsashin zubi duka ƙoƙari ne na toshe wannan 'yar tazara, kowane zamani da abin da ya toshe ta da shi.

Mutanen farko da ƙyalle suka yi dabara. Sai a naɗe ƙwallon dalma cikin ɗan tsumma mai maiƙo, a danna shi ta baki da sanda. Wannan ya wadaci mafarauci, amma ya yi wa soja jinkiri. A 1849 wani hafsan Faransa, Claude Minié, ya fito da dogon harsashi mai rami a gindi. Yana shiga bututu salin-alin, amma da albarushi ya tashi sai gindin ya buɗe, ya kama tsagin da ke murɗe a cikin bututun. Ingilishi suka bi wannan hanya a bindigarsu ta Enfield ta 1853.

A nan ne maiƙo ya shiga tarihin duniya. Harsashin Enfield da albarushinsa a cikin ƙunshin takarda suke, an shafe shi da kitse, soja kuwa sai ya yage takardar da haƙori kafin ya ɗura. Labari ya bazu cikin sojojin Indiya cewa kitsen na saniya ne da na alade, na farko abin tsarkakewa ga Hindu, na biyu haram ga Musulmi. Ko da yake akwai tsofaffin koke-koke a ƙasa, wannan ne ya kunna wutar. Ran 10 ga Mayu 1857 sojoji suka yi tawaye a Meerut, a 1858 kuwa mulkin Indiya ya fita daga hannun Kamfani ya koma hannun Sarauniyar Ingila.

Daga nan sai albarushi ya canja. A 1884 Paul Vieille na Faransa ya haɗa albarushi marar hayaƙi, wanda ke kora harsashi da gudun da dalma tsirara ba ta iya jurewa. Shekara biyu kafin wannan, Eduard Rubin na Suwizalan ya riga ya sa wa dalma riga ta jan ƙarfe. Rundunonin soja duka suka koma ga wannan, zubin hannu ya bar fagen fama.

Bai mutu ba dai. A Amurka ya zauna wurin mafarauta da masu gasar harbi, waɗanda ke tara kwanson da suka harba su sake ɗura shi don sauƙin kuɗi. A 1884 John Barlow ya kafa kamfanin Ideal a New Haven, yana ƙera musu mazubai, a 1925 kuma Lyman ya saye shi. Su ne suka yaɗa injin da ke aiki biyu a danni ɗaya: ya tura harsashi cikin zoben ƙarfe ya daidaita kaurinsa, ya kuma cika tsagin jikinsa da maiƙo, galibi mai haɗe da kakin zuma. Ƙa'idar masu zubi ita ce harsashi ya ɗara faɗin bututu da kamar kashi 1 cikin 1,000 na inci. Tazarar da ido ba ya gani, ita ke raba harbi mai kyau da bututu mai dauɗa.

Mataki na baya-bayan nan daga masana'antar fenti ya fito. Tun wajen 1960 ake fesa wa kayan ƙarfe garin roba mai launi, a gasa shi ya zama fata mai tauri. Bayan 2010 masu zubi suka ari dabarar. Sukan girgiza harsasai da garin a cikin mazubin roba, lantarkin da gogayya ke haifarwa ya manna shi, sa'an nan a gasa a wajen digiri 200 kamar minti 20. Da yake fatar tana ƙara kauri, dole a sake bi da harsashin ta zoben daidaitawa, kuma fata mai kyau ba ta ɓarewa a wurin. Amfaninta kuwa, dalma ba ta taɓa bututu, hayaƙin maiƙo ya ragu, hannun mai ɗuri ma ya huta da gogar dalma, wadda guba ce ga jini da ƙwaƙwalwa. A 2016 kamfanin Federal ya fitar da irinsa kasuwa da sunan Syntech.

Tsumma, kitse, jan ƙarfe, fenti: sutura huɗu ke nan a kan jiki ɗaya. Malamin da ke koyar da aron kalmomi zai sami misali a nan, gama kalmar ta ci gaba da kiran dalma ko bayan an lulluɓe ta, har ma a harsasan yau na tagulla zalla waɗanda babu ɗigon dalma a cikinsu.