Lauya da Mai Sulhu a Rikicin Iyali: Nazari daga Ƙasar Kurfey

Gabatarwa

Jamhuriyar Nijar ba ta da kundin dokar iyali har yau. Daftarin da aka shirya a 1993 ya gamu da adawar ƙungiyoyin addini, kuma yunƙurin 2011 bai kai labari ba. Wannan maƙala ta ɗauki Filinge da ƙasar Kurfey, a jihar Tilaberi, domin ta nuna cewa a irin wannan wuri babban aikin lauyan iyali shi ne ƙarfafa sulhu da rubuta shi, tun kafin magana ta kai gaban alƙali.

Wace doka ke aiki?

Tun daga dokar 16 ga Maris 1962 kan tsarin kotuna, Nijar ta bar aure, saki, nasaba, gado da wasiyya a hannun al'adar mutanen da suka zo gaban shari'a. Dokar 2004 ta riƙe wannan ƙa'ida, amma da sharaɗi: kada al'adar ta saɓa wa yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa da Nijar ta amince da su, ko ta tauye 'yancin ɗan Adam. Shi ya sa alƙali ke zama da masana al'ada a gefensa. A wurin Kurfayawa kuwa, al'adar ta daɗe da cuɗanya da fiƙihun Malikiyya, har da wuya a raba su a kan sadaki, idda da rabon gado. Lauyan da ya karanta dokar da aka gada daga Faransa kaɗai, bai san idda da hul'i ba, ya zo da rabin ilimi.

Hanyar da rikici ke bi

Matar da ta yi yaji a wani ƙauye na ƙasar Kurfey ba ta fara da kotu. Waliyyinta da dangin miji ke fara zama, a zo biko, a ba da haƙuri, domin tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. In abin ya faskara, sai liman, sai mai gari, sai fadar sarkin Kurfey. Dokar sarautun gargajiya ta 1993, da wadda ta gaje ta a 2015, sun ba sarakuna ikon sasanta mutane da rubuta takardar sasantawa, amma yanke hukunci na kotu ne. Wannan tsari yana da araha, yana kusa, ana yin sa da harshen da kowa ke ji, kuma yana rufa asirin gida. Lauyoyi kuwa kusan dukansu suna Yamai, tafiyar kilomita kusan 180 daga Filinge.

Sai dai sulhun baka yana da rauni, kuma raunin a kan mace da yaro yake faɗawa. Miji ya yi saki da baki ya tafi cin rani, ba takarda, ba a yanka abin ciyar da yara ba. Ana cewa da mace ta yi haƙuri alhali ba a gaya mata haƙƙinta ba. Shari'ar Hadijatu Mani, wadda kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta yanke a 2008, ta nuna yadda za a iya fakewa da sunan aure da al'ada a bautar da mace.

Gurbin lauya

Nan ne masanin doka ke da amfani. Ya zauna a fada a matsayin mai ba da shawara, ya bayyana wa kowane ɓangare abin da shari'a da dokar ƙasa suka ba shi. Ya tabbata an rubuta ranar saki, hannun da yara za su zauna, kuɗin ciyarwa da kason gona, sannan a kai takardar kotu. Ya kuma san inda sulhu ke tsayawa: duka mai rauni da auren dole sun wuce zaman fada.

Kammalawa

Hukumar agajin shari'a da aka kafa a 2011 da Ƙungiyar Mata Masana Shari'a ta Nijar suna da hurumin wannan aiki. Ya kamata su horar da 'ya'yan Kurfey, maza da mata, masu jin Hausa, Zabarmanci da Fulatanci, su riƙa zama tare da sarakuna da malamai a duk zaman sulhun aure da gado.