Ƙanjamau a Ƙasar Kabi: Yadda Sani Ya Biyo Bayan Tsoro

Tun kafin shekarun 1980 mutanen kwarin Rima sun san cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa. Sun san tunjere, sun san ciwon sanyi, kowanne da alamar da ido ke gani da maganin da ake nema wurin mai saiwa ko a asibiti. Da wannan tsohon ma'auni suka tarbi sabuwar cutar da likitocin Amurka suka fara bayyanawa a watan Yunin 1981, wadda masanan Cibiyar Pasteur ta Faransa suka gano ƙwayarta a 1983. Nijeriya ta sanar da ɓullarta a 1986, lokacin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya.

Bahaushe ya raɗa mata suna daga abin da ya gani a jikin majinyaci, ya ce ƙanjamau, wasu kuma suka ce kabari kusa. Sunan ya kwatanta ƙarshen cutar daidai, amma ya ɓoye farkonta, domin mutum kan yi kusan shekara goma da ƙwayar yana ƙiba yana noma, ba shi da ko ciwon kai. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan wannan cuta ido bai san kima ba.

A ranar 27 ga Agustan 1991 aka cire Jihar Kebbi daga Jihar Sakkwato, Birnin Kebbi ta zama babban birni. A shekarar ce kuma aka yi binciken farko na ƙasa a kan mata masu zuwa awon ciki, aka sami kashi 1.8 cikin ɗari suna ɗauke da ƙwayar. A 2001 adadin ya kai kashi 5.8. Wato jihar ta yi ƙuruciyarta ne a shekarun da annobar ke hawa, babu magani a hannun talaka. Ƙasa ce kuwa ta zirga-zirga: ma'aikata sun kwararo daga Sakkwato, manyan motoci suna bin hanyar Kamba zuwa Nijar da Binin, masunta suna gangarawa Yawuri da tafkin Kainji, bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali a 1934, yana tara baƙi a bakin Matan Fada.

A wannan zamani tsoro ya ɓata hanya. Aka riƙa gudun kwano da buta da musabaha da cizon sauro, alhali babu ɗayansu da ke ɗaukar ƙwayar. Mai tarin fuka ko ciwon suga da ya rame sai ya sha nuni da baki, kamar yadda kutare suka sha a da. Mai jiki sumul kuwa ana ɗaura masa aure ba tambaya, ya saki, ya sake aure, bazawararsa ma ta yi wani gidan. Ta haka matar da ba ta taɓa ƙetare ƙofar mijinta ba ta ɗauka, ta kuma ba jaririnta ta ciki ko ta nono.

Da bincike ya yi nisa, masana suka auna haɗarin. Bisa ƙiyasin hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, a saduwa 10,000 da mai ƙwayar da ba ya shan magani, ba tare da kwaroron roba ba, mace kan ɗauka a kimanin 8, namiji a kimanin 4, wanda aka sadu da shi ta dubura kuwa a kimanin 138. Ƙarin jini mai ƙwayar ya haura 9,000. Adadin saduwa ƙarami ne, sai dai yana taruwa da maimaici, yana kuma ninkuwa idan akwai gyambon tunjere ko a makonnin farko na kamuwa. Gwaje-gwajen Afirka ta Kudu da Kenya da Uganda tsakanin 2005 da 2007 sun nuna kaciya tana rage haɗarin namiji da kusan kashi 60 cikin ɗari, muddin askar wanzami tana da tsabta.

Magani ne ya juya tarihin. Gwamnatin tarayya ta fara rabon magungunan danne ƙwayar a 2002, ta mayar da su kyauta a 2006, har suka iso asibitoci irin su Asibitin Sir Yahaya na Birnin Kebbi. Binciken da aka fitar a 2011, da waɗanda suka biyo shi, ya tabbatar da cewa wanda magani ya danne ƙwayarsa har awo ya kasa ganinta ba ya ba abokin zamansa ta hanyar saduwa. A 2014 doka ta haramta nuna musu wariya. Binciken ƙasa na 2018 ya sami kashi 1.4 a Nijeriya, da kashi 0.6 a Arewa maso Yamma.

Abin da ya rage shi ne fargabar da sunan ya gadar. Har yau akwai wanda kuskuren dare ɗaya ke hana shi barci wata da watanni, yana laluben wuyansa, yana fassara kowane zazzaɓin damina, kunya ta hana shi zuwa awo. Ga irinsa ilimi ya yanka wa'adi: cikin awa 72 akwai maganin kariya na kwana 28, bayan kwana 90 kuma awon jini na gaggawa yana yanke hukunci. Wanda ya fita lafiya ya huta da zullumi, wanda aka samu da ita ya kama magani, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya lafiyayyu. Mutanen 1991 sun ji tsoro ne ba su da inda za su kai shi. Na yau, daga Gwandu har Argungu, suna da ɗakin awo.