Kati Shuɗi da Kati Ruwan Goro: Tarihin Ma'aikatan Microsoft

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau tarihi za mu taɓa. Duk inda matasa suka taru yanzu, maganar ɗaya ce: ka koyi rubuta manhaja, ka samu kamfanin da ke tashe, shi ke nan ka warke. To, bari mu koma baya mu ga yadda ta kaya wa waɗanda suka yi aiki a kamfanin manhajar da ya fi kowanne tashe a zamaninsa, wato Microsoft.

Bill Gates da Paul Allen ne suka kafa shi a 1975 a garin Albuquerque na Amurka. Akwai wani sanannen hoton ma'aikatansa da aka ɗauka a ƙarshen 1978, mutum 11 ne kacal a ciki. A 1979 suka koma jihar Washington, kusa da birnin Seattle. A 1980 suka ƙulla yarjejeniya da IBM, wadda ta sa manhajarsu MS-DOS ta shiga kwamfutocin duniya. Daga nan abin ya zama kamar wutar daji. A 1990 ma'aikata sun haura 5,000, a 1995 sun doshi 18,000, a 2000 kuma sun kusa 40,000.

Yaya zaman yake a ciki? Yawancinsu samari ne da 'yan mata da ba su daɗe da gama jami'a ba. Ana ba mai rubuta manhaja ofishinsa shi kaɗai, mai ƙofa, ga lemon kwalba kyauta, ba wanda ya damu da irin rigar da ka sa. Amma fa aikin ba sauƙi. In lokacin fitar da sabuwar manhaja ya matso, kamar Windows 95 da ta fito ranar 24 ga Agustan 1995, mutane kwana suke a ofis, ba Asabar ba Lahadi. Har wani marubuci ɗan Kanada, Douglas Coupland, ya rubuta littafin ƙagaggen labari a kansu a 1995, mai suna Microserfs, sunan da ke nufin bayin Microsoft.

Me ya zaunar da su? Ba albashi ba ne, hannun jari ne. Kamfanin yakan yi wa ma'aikaci alkawarin sayen hannun jarinsa nan gaba a kan farashin yau, amma sai ya shekara huɗu da rabi kafin alkawarin ya cika duka. In ya tafi da wuri, ya bar sauran. Ranar 13 ga Maris 1986 aka fara sayar da hannun jarin Microsoft a kasuwa kan dala 21, kuma ya yi ta hawa shekara da shekaru. Ana ƙiyasin ma'aikata kusan 12,000 ne suka mallaki miliyoyin daloli ta wannan hanya. Wannan shi ne ɓangaren labarin da kowa ke so.

Yanzu ku gyara zama, ga ɗaya ɓangaren.

A cikin ginin nan dai, akwai masu kati shuɗi a wuya, akwai masu kati ruwan goro. Shuɗi na cikakken ma'aikaci ne. Ruwan goro na ɗan kwantiragi ne, wanda aka ce na wucin-gadi ne. Su ne masu gwada manhaja su gano kurakurai, masu gyaran rubutun littattafan da ake haɗawa da manhajar, masu tsara shafuka. Tare suke aiki da masu kati shuɗi, shugaba ɗaya, lokacin shiga ɗaya, wasu shekaru a jere. Amma ranar ɗaukarsu sun sa hannu a takardar da ta ce su ba ma'aikata ba ne, harajinsu da inshorarsu a kansu. Ko kuɗinsu ba ta sashen albashi yake fitowa ba, takardar neman biya suke miƙawa, kamar wanda ya kawo wa kamfani kujeru.

Wajen 1989 zuwa 1990 hukumar tara haraji ta Amurka ta binciki lamarin, ta ce a'a, waɗannan ma'aikata ne, tunda kamfanin ke iko da yadda suke aikinsu. Sai Microsoft ya ɗauki wasu aiki na dindindin, sauran kuma ya mayar da su ƙarƙashin kamfanonin dillancin ma'aikata. Teburi ɗaya, aiki ɗaya, sunan mai biyan albashi kawai aka sauya.

A 1992 mutum takwas daga cikinsu, da wata mata Donna Vizcaino a kan gaba, suka shigar da ƙara. Babban abin da suka nema shi ne damar sayen hannun jarin kamfani da rangwamen kashi 15 cikin 100, kamar sauran ma'aikata. Kotun farko ta kore su. Ba su haƙura ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta ba su gaskiya a 1996, ta sake tabbatarwa a 1997: abin da ka rubuta a takarda ba ya goge abin da mutum yake yi a zahiri. A 1998 wasu 'yan kwantiragin suka kafa ƙungiyar ƙwadago mai suna WashTech. A Disambar 2000 Microsoft ya amince ya biya dala miliyan 97.

Kuɗi ne mai yawa, ko ba haka ba? To mu yi lissafi. Lauyoyi sun ɗauki kusan dala miliyan 27. Ragowar miliyan 70 za a raba wa mutum tsakanin 8,000 da 12,000. In ka ɗauki 10,000, kowa dala 7,000 ke nan a matsakaici, kuma sai 2005 kuɗin suka fara shiga hannu. Shekara 13 ana jira, alhali wanda kuke teburi ɗaya da shi ya daɗe da gina gida.

Abin da ya biyo baya ya fi ɗaure kai. Kamfanin bai daina ɗaukar 'yan kwantiragi ba. Doka ya kafa: in ka shekara ɗaya, dole ka tafi hutun kwana 100 ba biya, kafin ka dawo. Wato an toshe ƙofar ƙara, ba a buɗe ƙofar hannun jari ba. Sauran kamfanoni suka ɗauki darasi. A 2019 jaridar New York Times ta ruwaito cewa Google na da 'yan kwantiragi da na wucin-gadi kimanin 121,000, cikakkun ma'aikata kuma 102,000.

Me ya haɗa mu da wannan? Ku leƙa bankunanmu, ku tambayi matashin da ke bayan kanta ko shi ma'aikacin bankin ne ko na wani kamfanin dillanci. Kuma yawancin aikin manhajar da matasanmu ke samu ta intanet daga ƙasashen waje, na kwantiragi ne. Ba cewa nake kar a karɓa ba, mai neman abinci ba ya raina loma. Cewa nake, haɓakar kamfani daban, haɓakar ma'aikaci daban, kuma takardar da ka sa wa hannu ranar farko ita ke raba su.

Don haka kafin ka sa hannu, ɗan'uwa, 'yar'uwa, ka tambaya. Sunan wa ke kan takardar a matsayin mai ɗaukata? In akwai hannun jari, shekara nawa kafin ya zama nawa, kuma in aka sallame ni kafin nan fa? In na kwanta ciwo, wa zai biya? Sannan ka ajiye kwafin komai, ka san abokan aikinka. Mutum takwas ɗin nan da kowa ya yi shiru a kusurwarsa, ko dala 7,000 ɗin ba mai gani.

Ku faɗa mana a ƙasa: aikin da kuke yi yanzu, wane launi ne katinku? Ku tura wa wanda ke shirin fara aiki. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, ku huta lafiya.