Masallacin Juma'a na Zariya da Aikin Babban Gwani

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu mazauna Samarun Kataf, Zonkwa da Kafanchan, iyaye da kakanni fatauci ne ya kawo su nan daga birnin Zazzau da kewayensa. Saboda haka ya kamata mu san tarihin masallacin da suka baro a ƙofar fada.

An gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, na gidan Katsinawa, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Maginin shi ne Malam Mika'ilu, wanda kuma ake kira Muhammadu Durugu, mai laƙabin Babban Gwani. Har yau akwai unguwa a birni mai wannan suna. Don a gane daɗewarsa, masallacin farko da aka gina musamman don salla a Ingila, wato na garin Woking, sai a 1889 aka yi shi, na birnin Paris kuma a 1926. Ke nan namu ya girme su nesa ba kusa ba.

To, da me aka yi shi? Ba siminti, ba rodi. Ƙasa ce aka cuɗa da ciyawa aka yi tubali, sai azara ta itacen giginya, wadda gara ba ta cika cinta ba. Azara ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa idan tazara ta yi yawa. Dabarar magina ita ce su kafa ta a jikin ginshiƙi, su ɗaura wata a kan wata da igiya, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Sai a lulluɓe da ƙasa. Wannan shi ne bakan gizo. A kansa ake ɗora rufin soro mai tulluwa, a yi zane a jikin ginshiƙai. Kaurin bango kuwa shi ke sa ciki ya yi sanyi ko da bazara.

A shekarun 1970 aka yi sabon ginin siminti ya rufe tsohon, wasu sassa na harabar suka tafi. Wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Dmochowski, ya riga ya auna shi, kuma an gina kwatankwacinsa a gidan tarihi na Jos.

Mun sani nan Kudu ruwa ya fi na Zariya yawa, ginin ƙasa sai da yaɓe kullum, shi ya sa muka koma bulo da kwano. Ba laifi. Amma muna roƙon kwamitocin masallatanmu, kafin a sa diga a tsohon gini, a ɗauki hotonsa, a zauna da dattawa a rubuta wanda ya gina shi da shekarar da aka gina. Idan suka kwanta dama ba mu tambaya ba, wa zai gaya wa 'ya'yanmu yaushe muka zo garin nan?

Allah ya jiƙan magabata, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, amin.